Reshen da Ka Bari Ya Kusa Fure, Kogi Kuma Ya Taso

Zuwa ga ƙanena Alhaji Bukar, a duk inda Gabas ta riƙe ka.

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta jini, da tambayar lafiyarka da ta abokan zamanka. Goni Modu ke rubuta mini, na kuwa gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Kogi ya taso, Bukar. Ya cinye gonar shinkafarmu, ya wuce tsamiya, jiya ya taɓa dangar baya. Mutanen gida duk sun koma tudu wajen garin Miga, har da awaki. Ni ina nan, kuma kai ka jawo.

Ka tuna reshen da ka zo da shi daga hajjinka na fari, wanda wani mutumin tsibirin Jawa ya ba ka? Ka ce, "Yaya, a ɗaki za ka ajiye shi, kusa da taga. Ranar da ya yi fure za ka ga taurari kamar na kakin zuma." Sai ka koma, ka bar ni da kasko.

Duk unguwa cewa ake yaɗiya nake wa bauta. Na ce a tsinko yaɗiyar. Muka jera a tabarma. Ganyenta ya yi yaushi kafin azahar, naka kuwa mai kauri, yana sheƙi, in ka lanƙwasa sai ya karye. Suka ce inuwa ce ta sa ta ƙiba. Hajjo matata har yau cewa take in ba ta ta yi kwaɗo.

Ni ma na yi masa laifi. Ɗan fadama ne ni, na dinga ba shi ruwa kamar shinkafa har saiwarsa ta fara ruɓewa. Kuma duk tsinken da ya fito babu ganye sai in datse, don ba na barin banza a gona. Bara kafaɗa ta hana ni kaiwa sama, na ƙyale su. Ashe a kansu yake fure! Yanzu uku sun rataye da 'yan ƙwayoyi a dunƙule.

Ya nannaɗe azara, ba ya ɗaukuwa sai da wuƙa. Mutanen gida sun ce in yanke in biyo su. Na ɗauki wuƙar, na ajiye. Na ɗora kaskon a kan turmi. In leƙa ruwa, in dawo in leƙa shi, na kasa zama.

Abu ɗaya ba ka faɗa mini ba, ɗan'uwana: kwana nawa yake yi kafin ya buɗe? Gindin katanga ya jiƙe. Na san ayari ba zai kai maka wannan da wuri ba, amma wa zan tambaya in ba kai ba?

Allah Ya tsare ka a inda kake. Ya tsayar mini da ruwan nan a bakin ƙofa har in gani da idona.

Yayanka da bai tashi ba,
Garba.