Makulli Na Hannun Manasseh, Ni Ina Baranda

Baba Lawal,

Don Allah ka taimake ni kafin in aikata abin da zan ji kunyarsa. Ni akawu ne. Na daɗe ina buga takardun sirri a wani ofishin gwamnatin jiha a Kazaure, bayan 'yan sandan ciki sun bincike ni ciki da bai sun ce ba ni da aibu. Da kuɗin mai ya zo, Gwamnatin Tarayya ta buɗe ofishi a bakin iyaka a Babura, sai muka koma can ni da abokina Manasseh. Ni na koya masa tafireta, Baba, ni na riƙe masa yatsu.

Muna zuwa aka ce tantancewar jiha ba ta bin mutum zuwa Tarayya, sai an sake sabuwa. Ta Manasseh ta fito kafin ya gama kwance kaya. Mahaifinsa malamin makaranta ne a Kazaure, an ce ya zaunar da mai binciken ya ba shi shayi, ya yi ta labarin ɗansa tun daga rarrafe har mutumin ya roƙi a sallame shi.

Ni kuwa ɗan fari ne a wata ruga kusa da Gwiwa, ka kuwa san Fulani ba sa ko ambatar sunan ɗan fari. A binciken farko mutumin Roni aka tura, ya san kan abin, bai tunkari iyayena ba, Kawuna ya nema. Wannan karon baƙo aka turo. Ƙanwata Fatu ta ce ya tsaya gaban mahaifiyarmu Inno ya kira sunana gatsau, ya tambaye ta ko ɗanta ne. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige bukka. Mahaifinmu Baffa ya ɗauki sandarsa ya bi shanu. Mutumin ya koma ya ba da rahoton cewa waɗanda na ce iyayena ne ba su amsa sun san ni ba, kuma suna ƙetarawa Nijar da dabbobi. Yanzu har ana tababar ko ni ɗan ƙasar nan ne.

To ga ni a baranda tare da masinja, ina buga takardun neman hutu. Manasseh ke riƙe da makullin ɗakin sirri. In ya shiga yakan rufe ƙofa, na san doka ce, amma ƙarar sakatar nan har cikin raina nake jin ta. Jiya ya kawo mini tsire da fara'arsa, na karɓa na miƙa wa masinja. Matata Saude ta ce na rame, na ce zazzaɓi ne. Hassada ce, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Shugabanmu ya ce in ba a warware maganar kafin kaka ba, to zan bar aikin, ga shi an riga an cike gurbina a Kazaure. Na kasa yi masa bayani, kada a ce daga daji na fito. Kuma na san Manasseh na leƙa gidan giya ranar albashi. Zuciyata na ce mini in kai shi ƙara a ɓoye, mu zauna barandar tare.

Mai Zaman Baranda, Babura

Ɗana,

Fara ajiye maganar ƙara. Ba Manasseh ya je Gwiwa ba, kuma in an karɓe makullin daga hannunsa, ba a naka za a saka ba. A irin aikinku, mai kai tsegumi shi ake fara daina yarda da shi. In shan nasa na damun ka, gaya masa ido da ido.

Ma'aikatar ma tana da hujja. Ofishin da ke bakin iyaka ba zai ba da amana kan binciken da ba shi ya yi ba, baƙon nan kuma abin da ya gani ya faɗa. Rashin sani ya fi dare duhu. Amma kai da ka sani ka yi shiru, wa kake so ya kunna musu fitila?

Ka shiga wurin shugabanka ka bayyana masa al'adar ba tare da sunkuyar da kai ba. Ka roƙi tsohon ofishinka ya aika da fayil ɗin binciken farko kai tsaye, kada ya biyo ta hannunka. Ka nemi a sake tura mutum, a haɗa shi da Kawunka da Arɗo da dagaci. Manasseh a Kazaure ya tashi, ya san kunyar ɗan fari, ka ce ya raka ka. Ban yi maka alkawarin a gama kafin kaka ba, aikin gwamnati ba ya gudu, don haka gobe za ka fara. Saude ma ka gaya mata gaskiya.

Sai dai ina jin ba makullin ne ya fi ci maka rai ba, uban nan ne da ya zauna yana yabon ɗansa a gaban baƙo. Wannan ba za ka samu ba, babu kuma ofishin da zai ba ka. Amma ka sani, da ɗan maƙwabta baƙon ya tambaya, da Inno ta tsaya ta ba shi amsa har ta haɗa masa da ƙwaryar nono. Kai kaɗai ne a duniya take rufe fuska dominka.

Allah Ya fid da kai, Ya sanyaya maka zuciya.

Baba Lawal