Ƙafafuna Sun Rine a Barossa

Mama,

Ina gaisuwa. Ya gwiwar taki? Ni lafiya lau, bayana ne kawai ke ɗan ƙorafi, kada ki damu.

Gobarar dajin nan ba ta iso mu a Barossa ba, amma hayaƙinta ya lulluɓe gonar inabin maigidanmu, tsoho Erwin. In ya ratsa 'ya'yan inabin, giyar bana ta lalace, mu kuma a sallame mu. Ya matse kaɗan ya ajiye don gwaji. Jiya ya kurɓa, ya lashe baki. Sai ya daka tsawa: "Babu hayaƙi! Lesieli, tsayuwar me kike? Wanke ƙafa!"

Da ƙafa ake tattaka inabi a gidan nan tun zamanin kakansa. Na faɗa bahon inabi, na kama rawar ƙasarmu Tonga. Matar Erwin ta ce, "Tsoho, shiga mana, ko ƙafar ta yi ritaya?" Ya shigo kuwa, ya zame, ya zauna daɓas!

In kin ga ƙafafuna jajur a hoto, ba ciwo ba ne, aiki ne ya samu. Ki faɗa wa fasto takawa na yi, ban kurɓa ba.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Lesieli