Fitilar Ba Ta Mutu Ba a Ramin Sabuwa

Aikin farko yau: na ciro sumo, injin zuƙe najasa daga rami, na wani gida a Faskari, na cire tsumma da leda daga farfela, na mayar da shi.

Zuwa ga Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. A littafin aikinmu nake rubuta ta, wanda kake cewa na fi kula da shi fiye da cikina, domin in ba nan ba ban san inda zan kai maganar ba.

Gida lafiya. Inna ta rage fita, amma tana cin abinci in 'yarka Hauwa ta zauna kusa da ita. Yaya Rabi tana cikin takaba, ba ta cika magana ba. Jiya ta aiko mini da takalmanka na roba a wanke, wai ko za su yi mini. Sun yi mini yawa. Masarar Pauwa ta yi kyau, sai dai gonar bakin daji ba mu leƙa ba, an ce a jira hanya ta lafa. Har yanzu masu neman gyara suna kiran wayarka. Ni nake ɗagawa, kuma kowane sai na faro masa labarin daga farko.

Ramin gidan wankan nan na Sabuwa yana rufe tun ranar da ka rasu, sumon yana ƙasa inda ka bar shi. Ruwan ƙazanta ya fara malala har ƙofar maƙwabta. Sau biyu Alhaji mai wurin yana kirana, ina cewa ba ni da lafiya. Sai ya tafi Pauwa wajen Baba Ɗanjuma, abokin haƙar rijiyar mahaifinmu, wanda ya koya maka ɗaurin igiya. Baba ya amsa masa zai ciro sumon. Gobe da hantsi zai sauka, har ya sa an wanke masa fitila.

Fitilar nan ce ta sa na ɗauki biro.

Kai ka fi ni sanin ƙa'idar gidanmu. Kafin mutum ya shiga rijiya, a kunna fitilar kananzir, a ɗaura mata igiya, a zura ta har ƙasa, a jira. In wutar ta mutu, iskar ba ta da kyau. In ta rayu, mutum ma zai rayu. Mahaifinmu ya tsufa a kan haka bai rasa ko mutum ɗaya ba. Da muka bar rijiya muka koma sa sumo, har muka kai ga na ramin masai, sai muka taho da fitilar yadda muka taho da guduma da igiya. Babu wanda ya tambaya ko rijiya da masai ɗaya ne.

Ni na sani, Yaya. Shekara biyu ke nan da na sani.

Ranar da muka buɗe kwalin sumon nan, akwai ɗan littafi a ciki. Ka jefo mini shi ka ce ni ne na gama sakandare. Kwana biyu na yi a kansa da ƙamus. Akwai shafin da ya ce kada kowa ya shiga ramin sai da na'urar auna iska, da fanka mai hura iska daga sama, da igiya a ƙugu, da mutane a bakin rami. Ya ce gubar najasa ba ta kashe wuta, wani lokaci ma ita ke kamawa da wuta. Ya ce tana kwance cikin laka sai an taka ta take tashi. Ya kuma ce in warin ruɓaɓɓen ƙwai ya ɓace, ba tafiya ya yi ba, hancin mutum ne ya daina ji. Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin wannan. Na kwafe shi a littafin nan, ga shi a shafi na goma sha ɗaya.

Sau ɗaya na fara yi maka maganar, wajen mai shayi a Kankara. Ka yi dariya ka ce wanda ya rubuta bai taɓa haƙa rijiya ba. Na taya ka dariyar. Na ce a raina wataƙila Turancin ne ban gane ba, tunda ban taɓa cin jarrabawarsa da kyau ba. Kuma wane ni in gyara wa wanda ya goya ni?

Ranar da abin ya faru, sarƙar sumon ta yi tsatsa, muna ja ta tsinke. Muka zura fitila, tana ci lafiya lau. Ka leƙa ka ce ai warin ma ya ragu. Na ji ka da kunnena. Jan layin nan ya zo mini a ido kamar yanzu na ja shi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ka kula da mataki na uku na tsanin, yana rawa. Ba ka ɗaura igiya ba, domin ramin bai kai tsawon mutum uku ba, kuma ɗan mai haƙar rijiya ba ya ɗaura igiya a irin wannan. Ka taka lakar, ka sunkuya za ka kama hannun sumon, ka ɗago kai kamar za ka ce mini wani abu, sai ka zauna. Fitilar tana rataye kusa da kafaɗarka tana ci.

Me za ka ce mini, Yaya? Kullum sai na tambayi kaina.

Na sa ƙafa a tsani, wani mahauci ya rungume ni ta baya ya ƙi saki. Da zarge aka jawo ka. Kafin a sami mota ka riga ka cika.

Wasu sun ce zuciya ce, wasu sun ce iskoki. Baba Ɗanjuma ya ce azumin Litinin da kake yi ne ya kawo maka jiri. Duk sun haɗu a kan abu ɗaya: tunda fitila ba ta mutu ba, ba iskar ramin ba ce. Ni kuwa duk wanda ya zo gaisuwa sai in ce haka Allah Ya so. Gaskiya ne, kwananka ne ya ƙare. Amma karatun da na yi fa, ba Allah ne Ya ba ni ba? Don me aka ba ni shi?

Yanzu ga Baba. Yaya zan dubi dattijo mai furfura in ce masa fitilar da ta tsare shi tun yana saurayi ba ta da amfani a nan? Zai tambaye ni inda na sani. Zai tambaye ni tun yaushe. In na ce shekara biyu, kafin la'asar maganar ta isa kunnen Inna da Yaya Rabi. Abin da nake tsoro ke nan, ba zan ɓoye maka ba. Na wuni ina neman hanyar da zan hana shi sauka ba tare da na tona kaina ba, na rubuta uku na soke su duka. Baba ba ya fasa aikin da ya amsa sai da dalili.

Ɗazu na shiga ɗakin shirgin Inna na tarar da ƙugiyar mahaifinmu, wadda ake ciro guga da ita in ta faɗa rijiya. Na kai wa mai walda ya haɗa ta da dogon bututu. Na jefa tsohon sumo cikin duro na gwada, a karo na huɗu ta kama hannun. Na huɗu, Yaya. Tana rataye a ƙusa duk shekarun nan. Ban sani ba ko za ta yi a cikin laka, amma ko ba ta yi ba, sumo ƙarfe ne kawai, bai kai ran mutum ba.

Ka yafe mini. Na ji kunyarka a inda bai kamata ba, kuma kai ne ka rasa ranka saboda ita. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa iskar da ke wurinka mai daɗi ce. Sai mun zo.

Ƙaninka da ya yi shiru,
Sada

Na gobe:
1. Karɓo bututu na biyu wajen mai walda, bai gama ba.
2. Sabuwar sarƙa wadda ba ta tsatsa. Ban samu a Kankara ba, a tambaya a Faskari.
3. Ɗaukar ɗan littafin sumon da wannan littafi.
4. Isa Sabuwa kafin Baba.
5. Gaya masa a gaban Alhaji, har da shekara biyun.
6. In ya kama igiya duk da haka, in zauna a kan murfin ramin.