A Dawo Min da Auta

Da sunan Allah. Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya yi nauyi, amma hankalina garau yake. Kada wani ya ce zafin ciwo ne.

1. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba zan tsoma baki ba. Abin da zan ambata kyauta ce na yi da raina. Kekunan ɗinki na Babban Yaya ne. Almakashina da teburin yanka na Auta ne, wadda kuka kora daga shago da na kwanta ciwo.

Laifinta, ta gaya wa Yaya a gaban ma'aikata cewa awon kayan 'yan makaranta bai yi daidai ba. Kawunku ya ce rashin kunya ne, wai gidan da ƙarami ke ja da babba ba shi da tarbiyya. To kawunku ya buɗe kunne: ni na koya mata. A shagona ba a sa almakashi a yadi sai mutum biyu sun auna, kowa shi kaɗai. In awo ya saɓa, a tsaya a yi ta musu har a gano inda kuskuren yake. Haka muka yi ta yi da marigayi babanku. Maƙwabta su ɗauka aure ne zai mutu, mu kuwa a kan wuyan riga muke.

2. Yaya, tun da ta tafi kowa "to" yake ce maka, kana jin daɗi. Ka duba tulin rigunan da aka dawo maka da su. Ban ce kullum ita ke da gaskiya ba, sau da yawa kai ne. Amma wanda bai taɓa ja da kai ba, ko tsoronka yake ji, ko bai damu da kai ba.

3. Auta, ki rage murya. Ban ce ki yi shiru ba. Ki kira shi Yaya, sannan ki nuna masa inda ya kuskure.

4. Ku daina lallaɓa ni. Kuna shigowa kuna raɗa, duk abin da na faɗa sai "haka ne, Mama". Jiya da gangan na ce labulen ɗakin nan kore ne, alhali shuɗi ne, duk kuka gyaɗa kai. Na juya na fuskanci bango na yi kuka, don na gane kun riga kun binne ni.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuri'a. Ku riƙe shagon nan tare, kada a raba shi. Ku yi musunku da rana, da yamma ku ci abinci a kwano ɗaya.

Yaya, kai da ƙafarka za ka je ka taho da Auta, kuma yau, ba ranar zaman makoki ba. Ina so in ji wani ya ce min ban yi daidai ba kafin in tafi.