Kada Ka Tayar da Motar

Auta,

Na leƙa ɗakinka kana barci, na kasa tashinka da wannan labarin.

Bakanike ya zo da sassafe kamar yadda kuka yi da shi. Ya daɗe a ƙarƙashin motar, ya fito yana goge hannu, ya zayyana mini abin da ya gani. Wanda ya sayar maka da ita ya yanke sifirin ɗin ƙafafun don motar ta kwanta ƙasa, shi ya sa duk tudun rage gudu da ka hau sai cikinta ya daku. Kaskon baƙin mai ya tsage, da gam aka liƙe shi aka shafa fenti a kai. Injin ma ba nata ba ne, bai san inda zai samo kayansa ba. Ya ce, "Malama, motoci uku aka haɗa a nan, kowacce da ciwonta."

Na san da ita ka ci burin zuwa intabiyun aikin nan yau. Don Allah kada ka tayar da ita. Man ya tsiyaye, injin zai buga. Ka fita da wuri ka hau bas. Na goge maka riga, tana bayan ƙofa.

Ka yi haƙuri, makullin yana jakata, na tafi da shi makaranta. Na san halinka, za ka ce bari dai ka ji kukanta sau ɗaya.

Yayarka