Wa Zai Riƙe Ɗaya Bakin Wayar?

Daren Alhamis, Diffa

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ni kwamfuta ba ta dame ni ba. Tun da su ƙawata Falmata suka koma Baroua noman tattasai nake ɓuya a ɗakin kwamfuta da littafin soyayya, don kada a gan ni ni kaɗai lokacin hutu. Mushe Abari, malaminmu, ya ɗauka sha'awa ce, shi ne ya ɗora mini shirya ɗakin horon jibi, inda za mu koyi haɗa kwamfutoci da waya.

Yau na share, na jera kujeru biyu-biyu, na warware wayoyi har yatsuna suka yi ja. Mushe ya ce, "Kowa ya zo da abokin aiki fa. Waya baki biyu gare ta."

Zara 'yar ajinmu ta dube ni ta ce, "To Mushe, Hadiza da littafinta za ta zo!" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, wai don kada a gane.

Akwai Yagana, wadda suka taso daga Toumour bana. Kullum tana gindin dogonyaro, ba mai kula ta. In na matso sai bakina ya mutu. Shi ne na rubuta mata 'yar wasiƙa, ko za ta zauna kusa da ni.

In ta ƙi, kujerar gefena za ta zauna wayam, kowa na kallo. In ban ba ta ba ma hakan ne. Gobe kafin a kaɗa ƙararrawa zan miƙa mata.