Kaset ɗin da kika ɗauke

Ya ke hasken idona da ya fara dusashewa, inuwata da tsakar rana, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta gaji da jira! Ya ke kanarina, tattabarar da ta yi sheƙa a ƙirjina shekara arba'in da bakwai, uwar 'ya'yana, abokiyar faɗana, ɓarauniya!

I, ɓarauniya na rubuta, kuma ba zan soke ba. Wannan kalmar da gangan ta fito. Ki sa tabarau ɗin da aka yanka miki bayan aikin ido, ki karanta da kanki. Kada ki ba 'yarmu ta karanta miki, don za ta tsallake wuraren da suka fi zafi, ta ce Baba yana gaishe ki. Ban gaishe ki ba tukuna. Sai na gama.

Ranar Talata da hantsi na je aski. Kin san shagon, na kusurwar layinmu, mai kujera biyu da madubin da ya tsage ta gefe. Mai askin ya ɗaura mini tawul a wuya, ya kunna sifikarsa, wadda wayarta ta saki tun bara, na kuma gaya masa sau uku bai ji ba. Samari huɗu suna kan benci suna gardama a kan sababbin waƙoƙin makon: wane ya fitar da albam, wance ta saki waƙa guda, wannan ya fi wancan. Aka sa ta masu kiɗan rok, jita tana kururuwa kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Na daure. Aka sa ta wata yarinya mai pop, an goge muryarta da na'ura har ta yi santsi kamar leda, babu numfashi, babu maƙogwaro. Na daure. Sai mai askin ya ce to yanzu ga wadda ta tashi kan gari. Ganga ta buga sau huɗu, sannan na ji hucin tsohon kaset, wannan shuuu ɗin da na yi shekara hamsin ina saurare a kan teburin gyara. Kafin in ce wane ne wannan, sai ga ki. Ke! Muryarki, a shagon aski, a gaban ƙartai huɗu masu tauna cingam:

"Mai gyaran muryar mutane, wa zai gyara maka taka?"

Suka amsa da ke baki ɗaya, har da kaɗa kai. Sannan wani ya shigo da rap, yana zuba magana kamar an kwance buhun tsakuwa, kuma na gane shi tun kafin ya kai ƙarshen layi. Jikanki ne. Yau ba zan ce jikana ba. Na miƙe da tawul a wuya, na ɗauki sandata, na fita. Har yanzu da nake rubuta miki rabin kaina ne a aske, hula ce ke rufa mini asiri.

Kin tuna ranar da kika yi waƙar nan kuwa? Ko ita ma kin ba shi ya kai situdiyo? Watanmu biyar da aure. Ruwa ya tsare ki a shagona da azahar, kin kawo mini abinci, mayafinki ya jiƙe ya manne a kafaɗarki. Ina kan gyaran wata rikoda ta wani malamin makaranta, na gama darma, saura in gwada makirufo. Na miƙa miki na ce ki faɗi wani abu, ko ɗaya biyu uku. Kika dube ni, ni da a wata biyar ban iya haɗa miki magana goma masu daɗi ba, ni da ke farkar da rediyon da ya yi shekara bai yi tari ba amma in na shigo gida sai in zama kurma. Kika riƙe makirufon da hannu biyu kamar za ki sha ruwa, kika yi mini waƙar tsiya, nan take, daga kanki. Ruwa yana dukan kwano, ƙanshin darma da na jiƙaƙƙen yadi sun cika ɗakin. Da kika kai ga tambayar nan kika yi shiru, kina jira. Sai da kaset ya yi juyi bakwai, na ƙirga daga baya, sannan na ce, "Ke ce." Kika fashe da dariya har kika buge makirufon. Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi miki, kuma kin san haka!

A ranar na ɓalle kunnen kaset ɗin da sukudireba, don kada wani ya taɓa ɗaukar wani abu a kansa, ko da kuskure. Da zarensa ya tsinke shekarar da aka haifi autarmu, ni na yanke shi da reza, na haɗa bakin da jan farcenki, na naɗe shi da biro a hankali kamar ina ɗaure cibiyar jariri. Na kare shi daga zafi, daga laima, daga hannun yara, daga maganaɗisun sifika. Abu ɗaya ne ban kare shi daga gare shi ba, don bai taɓa zo mini a rai ba: ke.

Daga shagon aski gida na wuce, ban ko cire takalmi ba na jawo gwangwanin da nake ajiye kaset ɗin a ciki daga saman kwaba. Ga kwalin kaset a wurinsa, ga rubutuna a jiki, ga nauyinsa daidai. Na buɗe. Wani sabon kaset ne a ciki, fanko, kunnensa ma ba a ɓalle ba. Kai! Wannan dabarar a ina kika koye ta? Wato kin san zan ɗaga in ji nauyi. Wato kin tsaya, kin yi tunani, kin auna ni, kin san ba zan buɗe ba muddin ba kya nan, don ban taɓa sauraronsa ni kaɗai ba. Da sanin da kika yi mini kika cuce ni, ya sanyin idona, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai. Baƙo bai isa ya yi mini wannan ba.

Kin kuwa ji abin da suka yi miki? Ni sana'ata ce, bari in gaya miki. Sun ƙara miki gudu, sun ɗaga muryarki sama har kin koma kamar 'yar shekara tara. Numfashin da kike ja kafin ki ce "wa zai", wannan ɗan numfashin mai kama da iskar da ke riga ruwa zuwa, sun yanke shi. Ƙarar ruwan sama sun share ta. Hucin kaset kuwa, wanda na ƙare ƙuruciyata ina yaƙi da shi, shi suka ƙara, wai ado ne! Dariyarki babu. Kuma ni babu. Sun datse daidai inda kika yi shiru, sun zubar da juyi bakwai ɗin nan, sun zubar da amsata kamar bawon gyaɗa. Yanzu duk gari yana tambaya, masu tasi, masu wankin mota, 'yan matan da ke layi a kantin magani, kowa yana tambayar wa zai gyara mini tawa, sai yaron nan ya amsa da labarin motocinsa da maƙiyansa. Waɗanne maƙiya? Yaron da har ya shekara shida a bayanki yake ɓuya in ya ga kyankyaso?

Tun yana cikin zanen goyo kike ce masa mijinki, ni kuma ina ce masa ya zo ya ƙwace in ya isa. Ashe da gaske yake. An ɗauke ki mako shida don aikin ido, yau wata tara. Idon ya warke tun tuni, 'yarmu ce ta faɗa mini da bakinta. To me ya riƙe ki? Shekaranjiya na sami amsa. Jikan naki ya kira ni a waya, yana ta Kaka kaza Kaka kaza, rabi ina ji rabi iska na kwashewa. Wai waƙar ta karɓu fiye da duk sauran na cikin albam ɗin. Wai kin ce masa akwai saura, kaset goma sha ɗaya, na waƙoƙin da kika yi ta yi mini a tsawon shekaru, kina guga, kina tsefe wa yara kai, kina jinyata lokacin da lantarki ya ja ni. Wai in haɗa su a kwali zai aiko direba. Wai zai yi sabon albam sukutum da muryarki, don haka za ki ƙara zama wajensu wata shida, ko abin da ya fi. Ya ce in yi alfahari. Na kashe wayar, ko kuma ita ta kashe kanta, ban sani ba.

Wata shida! Kin san abin da wata shida yake nufi a wurin mutum irina? Matakala uku na ƙofar gidanmu yanzu sai na huta a ta biyu. Kofin shayi da hannu biyu nake ɗauka. Wancan makon likita ya daɗe da abin sauraronsa a ƙirjina, ya ƙara mini ƙwaya biyu, ya yi ta rubutu bai ɗago ya dube ni ba. Ni ma na yi wa mutane haka, lokacin da suka kawo rediyon da na san ba zai ƙara tashi ba. Ban gaya wa yara ba, kuma kada ki gaya musu. Ke nake gaya wa. Kujerarki tana nan a bakin taga, na hana kowa zama. Shukar da kika bari a tsohon bokiti ina ba ta ruwa, tana ta yin ganye, ba ta da kunya. Gidan nan ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba, ni da na roƙi Allah shiru shekara hamsin.

Kuma ga abin da ya fi ba ni haushi, zan faɗa don ban saba ɓoye miki ba. Jiya na koma wurin mai askin, ba don ya ƙarasa mini kai ba, na ce ya sa mini waƙar a wayata. Ya sa, yana murmushi, wai ashe tsoho ma ya waye. Na dawo na zauna kusa da kujerarki bayan azahar, na saurara sau goma sha huɗu. Minti uku da rabi ce, ke kuma daƙiƙa tara kike fitowa, sau uku. Ina haɗiye duk surutun yaron nan, da gangarsa mai bugun ƙirji, don in kai ga daƙiƙa tara. Ko da suka matse ki, suka goge ki, suka mai da ke yarinya, akwai wani wuri a ƙarshen "taka" da muryarki ke karkarwa kamar ganye a bakin rafi, na'urarsu ba ta iya miƙe shi ba. A nan nake mutuwa, a nan nake tashi. Dubi abin da kika mai da ni! Tsohon da yake da ke sukutum a gida, yau yana tsintar ki a bakin titi tare da 'yan tasi.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce muryarki ce, ba tawa ba. Za ki ce shekara arba'in da bakwai na kulle ta a gwangwani, ban taɓa tambayarki ko kina son wani ya ji ba. Na yi ta juya wannan a raina tun Talata, kuma ban sami abin da zan kare kaina da shi ba, shi ya sa fushina ya ƙaru. Wataƙila kin ji daɗi da kika ji gari yana rera ki. In haka ne, me ya hana ki faɗa mini? Ni dodo ne? Da na yi ta ƙunƙuni kwana uku, da na ƙi cin abinci, sannan da ni da kaina na wanke kan rikodar, na juye masa shi tsaf, na nuna masa inda ake yanka da inda ba a yanka. Kin hana ni ko wannan.

To ga hukuncina, ya farin watana, kuma ba zan sauya ba. Direba bai isa ba. Jikanki bai isa ba, 'yarmu ba ta isa ba. Kaset goma sha ɗayan nan ba za su bar ɗakin nan ba sai a hannunki. Ki zo da ƙafarki. Ki zauna a kujerarki, in zauna a tawa, mu saurare su ɗaya bayan ɗaya, gefen farko da na biyu, ba tsallake, ba gaggawa, guda ɗaya a rana in ƙirjina ya yarda. Wanda kika ce a ba shi, a ba shi, ba zan yi musu ba, ko duka ne. Amma sai kin ji su tare da ni tukuna, sai kin dube ni kin ce wannan na gari ne, wannan namu ne. In ya ga ba zai iya jira ba, ya zo ya zauna a ƙasa ya saurara, ya koyi yadda ake yin shiru.

Robar da ke juya rikodarmu ta narke, ta zama kamar kwalta. Kwana uku na yi ina kankare ta, na yanko wata daga tsohon tiyub na taya, na sa. Sukurori huɗu ne kawai, amma sai da na yi hutu tsakanin kowane biyu, ɗaya kuma ya faɗi ƙarƙashin gado na bar shi can. Tana juyawa yanzu. Ba na jin hannuwan nan za su iya sake buɗe ta, don haka kada ki tsaya ɗinka sabon kaya.

Yanzu na gaishe ki. Ina gaishe ki da dukan abin da ya rage a ƙirjina, mai kyau da marar kyau. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ta waya ko ta takarda ba, sai kin shigo ɗakin nan na ga idon da aka gyara. Ban taɓa son wata ba kafin ke, ban so wata ba tare da ke, kuma ko ina fushi, ko ina kwance, ko an ɗauke ni, ba za a sami wata a bayanki ba.

Naki har numfashin ƙarshe, mai jin haushinki,

Injiniyanki